Babi na Bakwai: Kada a Faɗa Mata

Da ƙarya biyu fim ɗin ya buɗe, kuma babu wadda ta kai a ɗaga kai a dube ta. Billi, budurwa 'yar kimanin shekara talatin, tana tafe a titin New York, waya a kunne. Kakarta ce ke magana daga Changchun, wani babban birni a arewa maso gabashin ƙasar Sin. Tsohuwar ta tambaye ta ko ta sa hula. Billi ta ce ta sa, alhali kanta a buɗe yake. Can Billi ta jiyo wata ƙara ta bayan muryar, ta tambayi kakar inda take. Tsohuwa ta ce tana gidan ƙanwarta. A asibiti take, zaune a kujerar jira, an gama ɗaukar hoton ƙirjinta.

Ƙanwar ce ta ji sakamakon daga bakin likita. Da ta dawo sai ta saki fuska ta ce wa yayarta lafiyarta ƙalau, wasu 'yan inuwoyi ne kawai aka gani a hoton, marasa illa. Abin da likitan ya faɗa kuwa shi ne sankarar huhu ce, ta kai mataki na huɗu, kuma da wuya tsohuwar ta wuce wata uku.

Dangi suka tsayar da magana cewa ba za a faɗa mata ba. Sai dai 'ya'yanta maza biyu sun daɗe da barin gida, ɗaya yana Amurka, ɗaya yana Japan, kuma ba yadda za a yi kowa ya diro Changchun lokaci ɗaya tsohuwa ba ta ɗago wani abu ba. Aka nemo dalili. Jikanta Hao Hao, ɗan wanda ke Japan, yana da budurwa Bajapaniya mai suna Aiko, wata uku ke nan da haɗuwarsu. Aka ce a yi musu aure, a yi biki, kowa ya zo ya yi sallama da kaka a fakaice. Billi kaɗai aka ce ta yi zamanta a New York, don fuskarta ba ta iya ɓoye abin da ke cikinta. Ba ta zauna ba.

Wannan shi ne The Farewell, fim ɗin da Lulu Wang ta rubuta ta kuma ba da umarni, wanda ya fito a 2019. Tsawonsa minti ɗari. Ba wanda aka harbe, ba wanda ya yi soyayya ta a zo a gani, ba wanda ya mutu. Duk da haka, cikin shekara guda fim ɗin ya sha yabon da ba kasafai ƙaramin fim ke samu ba, ya sha kunya a ƙasar da aka ɗauke shi, ya kuma jefa masu raba lambobin yabo cikin wata gardama da ta taɓo har Najeriya. Fim ɗin dai guda ne. Abin da kowa ya gani a cikinsa ya danganta da inda yake zaune.

Labarin na Wang ne da kanta. An haife ta a Beijing a 1983, iyayenta suka koma da ita Miami tana 'yar shekara shida. A 2013 aka gano ciwon kakarta, aka ɓoye mata, aka shirya bikin auren, duk kamar yadda fim ɗin ya nuna. Wang ta riga ta yi fim ɗaya, Posthumous, a 2014, wanda ya zo ya wuce ba a ji ɗuriyarsa sosai ba. Da ta ɗauki wannan labari ta shiga yawon neman masu zuba kuɗi, sai ta tarar kowa na tura ta gaba. Amurkawa suka ce ai wannan fim ɗin Sinawa ne, yawancinsa da Sinanci, kuma babu Bature ko ɗaya a ciki. Sinawa suka ce Billi ta cika Amurkanci, mutanensu ba za su gane abin da ke damunta ba. Wasu suka ba ta shawara ta mai da Billi amaryar, wasu suka ce ta samo mata saurayi Bature. Tambayar da ta yi ta sha ita ce: wai fim ɗin Amurka ne ko na Sin?

Da fim ya ƙi, sai ta koma rediyo. A 2016 ta ba da labarin da bakinta a shirin This American Life. Chris Weitz, ɗaya daga cikin daraktocin About a Boy, ya ji shirin ya neme ta. Kamfanin Big Beach, wanda ya shirya Little Miss Sunshine shekara goma kafin nan, ya shigo. Da kimanin dala miliyan uku aka ɗauki fim ɗin a 2018, mafi yawansa a Changchun cikin kwana 24.

Ranar 25 ga Janairun 2019 aka fara nuna shi a bikin finafinai na Sundance, wanda a lokacin ake yi cikin ƙanƙara a Park City ta jihar Utah, kuma nan ce kasuwar finafinan da aka shirya ba da kuɗin manyan kamfanonin Hollywood ba. Kafin a watse, masu saye sun yi layi. Wang ta ce wani kamfanin nuna finafinai ta intanet ya yi mata tayin da ya ninka na kamfanin A24, amma ta zaɓi A24 saboda su ne za su kai fim ɗin gidajen sinima. Mai kallo a waya shi kaɗai yake dariya. Ita tana so a yi dariyar a cikin jama'a, a kuma ji shirun da ke biyo baya.

Lissafinta ya yi daidai. A ranar 12 ga Yuli aka buɗe fim ɗin a sinimomi huɗu kacal, a New York da Los Angeles. A ƙarshen makon kowace sinima ta tara kusan dala 88,000. Avengers: Endgame, dodon shekarar, da ya buɗe a sinimomi sama da 4,600, abin da kowace ta tara a makon farko bai kai dala 77,000 ba. Kwatancin akwai wayo a ciki, don cika ɗaki huɗu ba ɗaya yake da cika dubu huɗu ba, amma jaridu sun so kanun labarin, kuma A24 ba ta hana su ba. Sai a watan Oktoba Parasite na Koriya ta Kudu ya zo ya karɓe wannan matsayi. Daga ƙarshe The Farewell ya tara kusan dala miliyan 18 a Amurka, kimanin miliyan 23 a duniya baki ɗaya.

Masu sharhi kusan baki ɗaya suka yi. A Rotten Tomatoes, shafin da ke tattara sharhunan 'yan jarida ya fitar da kason waɗanda suka yaba, fim ɗin ya fara da ɗari bisa ɗari, kuma ko da sharhuna suka taru ɗaruruwa bai sauka ƙasa da kashi 95 ba. Metacritic, wanda ya fi rowar maki, ya ba shi 89. Cibiyar Finafinai ta Amurka ta sa shi cikin goma mafi kyau na shekarar. Barack Obama ma ya sa shi a jerin finafinan da suka fi burge shi a 2019.

Idan aka bi sharhunan za a ga abu ɗaya suke ta komawa kai: fim ɗin ba shi da mugu. Labari irin wannan da sauƙi ya zama na yarinya wayayyiya da ta zo daga Amurka ta koya wa danginta gaskiya, ko kuma na yarinya ɓatacciya da ta dawo gida aka koya mata hankali. Wang ba ta bi ko ɗaya ba. Billi ba ta fasa ƙwan ba har fim ya ƙare, kuma ba ta taɓa cewa ta yarda an yi daidai ba. Ita ce ma, ana tsakiyar biki, ta ruga asibiti a guje don ta tare wani sabon sakamakon gwaji kafin ya isa hannun kakar, aka kai shi shagon buga takardu aka gyara. Ta shiga ƙaryar tsundum, fuskarta na cewa ba ta so.

Abu na biyu shi ne dariya, da inda take fitowa. Nai Nai, wato kaka ta wajen uba a Sinanci, ita kaɗai ce mai walwala a gidan, don ita kaɗai ce ba ta sani ba. Ta ɗauki bikin da gaske. Ta je zauren biki ta tsaya kai da fata cewa manyan jatan landen teku ta yi oda, ba ƙaguwa ba. Ta umarci dangi su riƙa cewa ango da amarya sun shekara da sanin juna, kada mutane su yi zaton wani abu ya faru. Ta fito da Billi waje ta sa ta motsa jiki, tana tura hannu gaba tana ihun "Ha!" don a fitar da gubar jiki. A asibiti, wani matashin likita da ya yi karatu a Ingila yana yi wa Billi bayani da Turanci cewa yawancin iyalai a Sin haka suke yi, kuma ƙarya ce mai kyau. Tsohuwar tana zaune tsakaninsu ba ta jin ko kalma, abin da ya dame ta shi ne ko likitan yana da aure.

Wurin da ya fi nuna gwanintar Wang shi ne maƙabarta. Dangi sun je kabarin kakan Billi don su sanar da shi auren. Aka jera masa abinci da 'ya'yan itace, aka tsiyaya giya. Wani ya kunna masa sigari. Nai Nai ta ce a'a, ai ya daina sha. Ɗanta ya ce a bar mutum ya sha abinsa, ya riga ya mutu, me kuma zai same shi? Sai aka jeru ana sunkuyawa, tsohuwa na jero roƙo ɗaya bayan ɗaya, kowane roƙo da nasa sunkuyon. 'Yan kallo na dariya, sannan su tuna cewa duk waɗanda ke tsaye a wurin, ban da mutum ɗaya, suna kallon inda za su dawo da ita ne nan da wata uku. Kabarin kuwa na kakan Wang ne na gaske. Matar da ta fito a matsayin ƙanwar Nai Nai ma, Lu Hong, ita ce ƙanwar kakar Wang ta haƙiƙa, wadda ta yi ainihin ƙaryar a 2013, yanzu aka sa ta maimaita a gaban kyamara.

'Yan wasa biyu suka kwashi yabon. Zhao Shuzhen, wadda ta fito a Nai Nai, ta shafe shekaru tana wasan dandamali da na talabijin a Sin, amma a Amurka ba wanda ya san ta. Ta yi tsohuwa mai mulki, mai tsokana, mai cusa wa jikoki abinci a baki, irin wadda ke kiran jikarta sakarya don tsabar ƙauna. Awkwafina kuwa, wadda sunanta na yanka Nora Lum, an san ta ne da waƙoƙin barkwanci da kuma surutu a Crazy Rich Asians da Ocean's 8, duka a 2018. A nan sai aka gan ta shiru, kafaɗa a sunkuye, tana haɗiye magana. Ita ma kakarta ta wajen uba ce ta raine ta a unguwar Queens, bayan mahaifiyarta ta rasu tana 'yar shekara huɗu.

'Yan kallo a Amurka sun kasu. Akwai waɗanda suka shiga da zaton za su sha dariya irin ta Crazy Rich Asians, suka tarar da fim mai tafiyar hawainiya da sai an karanta fassara a ƙasan allo, suka fito suna cewa ba abin da ya faru. Ba ƙarya suka yi ba. Fim ne da aka gina a kan halayen mutane, kuma wanda ya zo neman aukuwa zai koma da yunwa. Akwai waɗanda abin da ya tsaya musu shi ne ƙaryar kanta. Ta yaya za a hana mace sanin kwanakinta sun ƙare? Idan tana da wasiyya fa, ko wanda take so ta nemi gafararsa? A cikin fim ɗin ma an faɗa cewa a Amurka doka ba za ta bari a yi haka ba.

Sai dai Amurkar ba ta daɗe da barin wannan hanya ba. A 1961 wani likita, Donald Oken, ya wallafa bincike a mujallar Ƙungiyar Likitocin Amurka inda kusan kashi 90 na likitocin da ya tambaya suka ce sun fi son kada su faɗa wa mai sankara abin da ke damunsa. Da aka maimaita tambayoyin a 1979, kashi 97 suka ce faɗa suke yi. Shekara goma sha takwas ke nan tsakani. A Ingila, Sarki George na Shida an cire masa huhu ɗaya a 1951 ba tare da an gaya masa sankara ce ba. A Japan, fim ɗin Ikiru na Akira Kurosawa, na 1952, ya ginu ne a kan ma'aikacin da likita ya ce masa ɗan gyambon ciki ne kawai, shi kuwa ya gane. Abin da 'yan kallon 2019 suka ɗauka baƙuwar al'adar Sinawa ce, kakanninsu sun yi ta ba tare da sun sa mata suna ba.

Kashi na uku na 'yan kallon su ne suka riƙe fim ɗin a sinima har wata da watanni: 'ya'yan baƙin haure. Wang ta sha ba da labarin yadda bayan an gama nunawa mutane ke tare ta, ba 'yan asalin Sin kaɗai ba, su ce mata su ma haka aka yi a gidansu. Mai karatu a Kano ko Maraɗi ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan. Ya san marar lafiyar da ake tambaya ya jiki yana cewa da sauƙi har ranar da zai cika. Ya san wayar da ake bugawa ɗan da ke Legas a ce jikin Baba ya motsa, ya taho, alhali an riga an yi wanka ana jiran a sa a likkafani. Ga irin waɗannan 'yan kallo, tambayar ko ƙaryar ta halatta ba ita ce zuciyar fim ɗin ba. Zuciyar tana wurin da Billi, tana durƙushe a ƙasa ana neman ɗan kunnen amarya da ya faɗi, ta ɓarke wa mahaifiyarta da kuka. Ta ce an ɗauke ta daga wannan gari tana yarinya ba a yi mata bayani ba, kakanta ya yi ciwo ya rasu ba wanda ya gaya mata yana ciwo, ba a kawo ta jana'iza ba, ta dawo ta tarar ba shi, gidan da ta sani ma an rushe. Ashe ita ma an daɗe ana ɓoye mata.

Wuri ɗaya ne ya raba kan masu yabon kansu. Da dare, baffan Billi, Haibin, ya zaunar da ita ya ce bambancin Gabas da Yamma ke nan: ku a can kuna ganin ran mutum nasa ne shi kaɗai, mu a nan ran mutum yanki ne na dangi. Kina so ki faɗa mata ne don ki sauke nauyi daga kanki, alhali aikinmu ne mu ɗaukar mata shi. Sharhuna da yawa sun ɗauko wannan jawabi a matsayin saƙon fim ɗin. Wasu marubuta 'yan asalin Asiya kuma suka ce nan ne kaɗai fim ɗin ya juya ya fuskanci Bature yana yi masa darasi, don ba baffan da zai tsaya yana fassara wa 'yar ɗan'uwansa Gabas da Yamma kamar malamin jami'a.

Suna da hujja, amma sun manta da wanda ke maganar. Haibin ya shafe shekaru a Japan, nesa da uwarsa. Shi ne kuma a wurin biki ya karɓi makirufo don ya yi godiya, ya fara magana a kan mahaifiyarsa, ya kasa, ya fashe da kuka a gaban baƙin da ke zaton murna ce ta yi masa yawa. Mutumin da ya fi kowa iya tsara falsafar ɗaukar nauyi shi ne ya fara zubewa a ƙarƙashinsa. Jawabin nasa bai yi kama da hukuncin fim ɗin ba; ya fi kama da abin da ɗa mai jin laifin barin gida ke faɗa wa kansa don ya iya barci.

Sai aka kai fim ɗin gida.

An sa ranar fitowarsa a Sin a watan Nuwamban 2019, aka ɗaga, sannan ya fito ranar 10 ga Janairun 2020. A ƙasar da fim ɗaya ke iya tara dala miliyan ɗari a mako, The Farewell bai haɗa ko miliyan ɗaya ba. Bayan mako biyu annobar korona ta rufe sinimomin ƙasar, amma kafin nan ma kujerun a wofi suke. Ba shi ne farau ba: Crazy Rich Asians, da ya tara sama da dala miliyan 230 a duniya, bai kai miliyan biyu ba a Sin.

Abin da aka yi ta rubutawa a Douban, shafin da Sinawa ke ba finafinai maki, ya tabbatar da abin da masu kuɗin Sin suka gaya wa Wang tun farko. Ɓoye wa tsoho ciwonsa ba labari ba ne a wurinsu. Kowa ya yi, ko ya ga an yi, kuma dokar ƙasar ta ba likita damar yi wa dangi bayani a maimakon marar lafiya idan aka ga faɗa masa bai dace ba. Fim ɗin da ya ɗauki minti ɗari yana mamakin wannan, kamar kai goro Gwanja ne. Wasu kuma suka ji haushin yadda aka nuna Changchun: sama a murtuke, dogayen gine-gine iri ɗaya, masu kukan haya a maƙabarta, ma'aikacin otal da ya nace sai Billi ta gaya masa tsakanin Sin da Amurka wace ta fi. Suka ce wannan kallon baƙo ne, wanda ke tsince abin da zai ba mutanen waje mamaki. Sinancin Awkwafina ma, mai tuntuɓe, ya sha suka, har da tsayuwarta da kamanninta.

Nan akwai abin dariya, ko da yake Wang ba lallai ta yi dariyar ba. Kallon baƙon shi ne fim ɗin. Sinancin Billi dole ya yi tuntuɓe, don na yarinyar da ta bar gida tana da shekara shida ne. Abin da 'yan kallon Sin suka gani a matsayin aibi, shi 'ya'yan baƙin haure a Amurka suka gani suka ce yau ga mu a allo. Kowane ɓangare ya ga abin da ke wurin daidai. Ɗaya dai yana kallon Billi daga teburin dangi ne, ɗaya kuma daga cikin rigarta.

Masu raba lambobin yabo su ma suka rasa inda za su ajiye shi, ya zama jemage, shi ba tsuntsu ba shi ba dabba ba. Dokar Golden Globe a lokacin ta ce fim ɗin da fiye da rabin maganganunsa ba da Turanci ba ne, sai dai ya shiga rukunin harshen waje, kuma ba zai nemi kambun fim mafi kyau ba. Haka fim ɗin da Ba'amurkiya ta rubuta, kamfanin Amurka ya biya, a kan Ba'amurkiya, ya tsinci kansa a layi ɗaya da Parasite, wanda ya lashe. A daren 5 ga Janairun 2020 ɗin dai Awkwafina ta karɓi kambun jaruma a rukunin barkwanci, mace ta farko 'yar asalin Asiya da ta samu wannan.

Wata biyu kafin nan, an yi wa Najeriya irin wannan awo ta ɗaya gefen. Lionheart na Genevieve Nnaji, wanda Sani Mu'azu da Yakubu Mohammed suka fito a ciki, shi ne fim na farko da ƙasar ta taɓa aikawa gasar Oscar. A Nuwamban 2019 aka cire shi daga rukunin finafinan ƙasashen waje saboda Turancinsa ya yi yawa. Abin da ba Turanci ba a cikinsa bai fi minti goma sha ɗaya ko sha biyu ba. Nnaji ta mai da martani cewa Turanci shi ne gadar da ke haɗa ɗaruruwan harsunan ƙasar, kuma ba 'yan Najeriya ne suka zaɓi wanda ya mulke su ba. A kaka ɗaya, an ce wa fim ɗin Amurka bai cika na Amurka ba don Sinancinsa, an ce wa na Najeriya bai cika na waje ba don Turancinsa. Shekarar da ta biyo Najeriya ta aika The Milkmaid, wanda yawancinsa da Hausa ne. Golden Globe kuwa ta sake maimaita abin a kan Minari, labarin iyalin Koriya da ke noma a Arkansas, Wang na cikin waɗanda suka fito suka yi tir, kuma daga baya aka sauya dokar.

Oscar ba ta ko ambaci The Farewell ba. Da aka karanto sunaye ranar 13 ga Janairu, babu shi a ko rukuni ɗaya, kuma babu mace ko ɗaya cikin daraktoci biyar da aka zaɓa. Ramuwar ta zo ranar 8 ga Fabrairu, jajiberin Oscar, a cikin wata babbar rumfa a bakin tekun Santa Monica inda aka raba lambobin Independent Spirit na finafinai masu zaman kansu. The Farewell ya doke Marriage Story da Uncut Gems ya zama fim mafi kyau. Zhao Shuzhen ta doke Jennifer Lopez a rukunin mataimakiyar jaruma. Ba ta samu zuwa ba saboda annobar. Wang ce ta hau ta karɓar mata.

Duk wannan hayaniya, akwai 'yar kallo ɗaya da aka yi ta kaffa-kaffa kada fim ɗin ya isa gare ta. A ƙarshensa, bayan an nuna Nai Nai tsaye a bakin titi tana ɗaga wa tasi hannu, tana rufe baki da ɗaya hannun, sai allo ya kawo hoton wata tsohuwa ta gaske tana motsa jiki, da rubutun da ke cewa shekara shida bayan an gano ciwon, tana nan da ranta. Kakar Wang ce. A sinima nan ne mutane ke sakin ajiyar zuciya, wasu su yi tafi. Wasu masu sharhi sun ce wannan rubutu ya karkatar da ma'auni, kamar fim ɗin na cewa ƙaryar ce ta yi magani, alhali ya yi minti casa'in da tara yana ƙin yanke hukunci. Wang dai abin da ya faru ta nuna.

An ce ramin ƙarya ƙurarre ne, amma wannan an shekara shida ana tafiya a cikinsa. Lokacin ɗaukar fim ɗin a unguwarsu, tsohuwar takan zo ta ga aikin jikarta, ta gaisa da Zhao Shuzhen, matar da ke kwaikwayonta. Ma'aikata kaf sun san abin da ba a faɗa. An gaya mata fim ne a kan dangi da suka taru don biki, wanda ba ƙarya ba ne. Muddin fim ɗin yana Amurka da sunansa na Turanci, asiri a rufe yake.

Sunan da aka sa masa da Sinanci kuwa ma'anarsa ita ce Kada a Faɗa Mata. A farkon Janairun 2020, ana shirin sakinsa a Sin, Wang ta bayyana cewa kakarta ta sani. Ba ɗa ne ya faɗa mata ba, ba jika ba, ba likita ba. Wata tsohuwar ƙawarta ce ta ga sharhin fim ɗin da Sinanci, ta ji daɗi jikar ƙawarta ta yi suna, ta tura mata. Sharhin ya yaba fim ɗin, ya kuma bayyana cewa labarin gaske ne, na kakar daraktar, wadda aka gano tana da sankarar huhu a 2013 aka ɓoye mata. Tsohuwa ta karanta, ta dubi sunan fim ɗin, ta juya wajen ƙanwarta.